Safiyar Talata a Cikin Filashi

Sau goma sha bakwai Tenri ta gina safiyar Talatar nan kafin ta yi daidai.

Mahaifinta, Ambo Tuwo, tsohon akawu ne a tashar jiragen ruwa ta garin Parepare. Da ya yi ritaya sai ya sayi kwamfuta ta hannu, ya ajiye ta bakin tagar da ke kallon teku, ya shiga rubuta sunayen iskoki da na kifaye da na kakanninsa cikin tsohon rubutun ƙabilarsu ta Bugis. Kullum da safe matarsa Indo Upe (a yarensu Indo uwa ce, Ambo kuma uba) za ta kawo masa kofi ta zauna gefensa tana kushe aikin. Wata Talata ya tashi daga kujera bai ƙarasa layin da yake rubutawa ba, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan.

Bayan shekara biyu mantuwa ta kama Indo Upe. Ta fara da manta inda ta ajiye gishiri, ta ƙare da manta fuskar 'yarta. Abin da ya fi ci wa Tenri rai ke nan. Za ta yi tafiyar awa uku daga birnin Makassar inda take kula da kwamfutocin wata makaranta, ta hau matakalar gidan da aka haife ta, uwarta ta dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta tambaye ta 'yar wane gida ce. Amma kwamfutar nan tsohuwa ba ta manta ta ba. Muddin ta kunna ta ga hoton kwalekwale a allo da layin mijinta da bai ƙare ba, to ranar za ta ci abinci, ta yi wanka, ta zauna lafiya. A wajenta mutumin ya ɗan fita ne, yanzu zai shigo.

Sai faifan ajiyar kwamfutar ya mutu. Kwana huɗu Indo Upe na zagaye ɗaki tana neman abin da ba ta iya faɗar sunansa. Yayan Tenri, Daeng Rewa, wanda ke zaune da ita, ya bugo waya ya ce shi dai kamun kifi ya iya, in akwai abin da karatunta zai amfana wa gidan nan to ga ranarsa.

Tenri ta tsamo abin da ya tsamu daga mataccen faifan. Rabin takardun ma dama tsohuwa ta riga ta goge su da kanta, garin danne-danne. Wannan ya sa ta yanke shawara ba za ta sa wani faifan ba. Za ta gina babbar manhaja tata ta kanta a kan filashi, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, manhaja irin wadda kwamfuta ke tashi da ita kai tsaye, ba a girka ta a ciki. Irin wannan manhaja, duk ɓarnar da aka yi mata da rana, ana kashe na'ura take wanke kanta, gobe ta tashi yadda aka gina ta.

Aikin na son haƙuri kamar saƙar taru. Ta ɗauki gindin manhajar, ta zazzage duk abin da tsohuwa ba ta buƙata, har ya zama saura ƙashi. Ta sa haruffan Bugis, ta mayar da hoton kwalekwale, ta jera takardu a inda mahaifinta ya bar su, a karkace, don shi bai taɓa jera komai daidai ba. Sai ta dunƙule duka wuri ɗaya, ta jira minti arba'in na'ura na matsawa, ta zuba a filashi, ta gwada. A lokacin jiran nan takan lumshe ido ta ga kanta tana yawo cikin manhajar kamar gida: nan taga, nan kujera, can ƙamshin taba mai kanumfari da ba ta san yadda za ta saka shi a ciki ba.

Gini na shida ya tashi ba sauti. Na tara ya yi kyau ƙwarai, amma da aka kai wa Indo Upe sai ta tsura wa kusurwar allo ido, ta ce wa ya taɓa wa mutumin nan agogo. Tenri ta koma ta ɗaure agogon, ta yadda kullum zai fara daga ƙarfe bakwai da kwata na waccan Talatar. Kuma duk ginin da ta yi, a ƙarshe akwai tambayar da take zuwa: a bar wani lungu a filashi da zai riƙa adana sabon abu, ko a rufe? Sau goma sha bakwai tana rufewa, har da alfahari. Me tsohuwa za ta ƙara in ban da ɓarna?

Daeng Rewa da aka yi masa bayani ya yi dariya har yana dafa ginshiƙi.

"Wato kin ƙera wa mai mantuwa kwamfuta mai mantuwa. Sannu da ƙoƙari, ƙanwata, sai su yi ta gaisawa kullum kamar sababbin maƙwabta."

Tenri ta ce masa ya koma wajen kifinsa. Amma ranar Indo Upe ta cinye shinkafarta tas, ta kuma gode wa "yarinya mai gyara". Tenri ta karɓi godiyar, ta yi kukanta a mota.

Wata biyu ba ta zo ba. Ta ce aiki ne, ba aiki ba ne. Gajiya ta yi da zama baƙuwa a gidansu.

Ranar da ta dawo, da hantsi ta iso. Hasken teku ya cika ɗakin, yana rawa a silin, gidan kamar yana shawagi bisa ƙafafunsa na katako. Uwarta na bakin taga, kofi biyu a gabanta, tana danna haruffa da yatsa ɗaya. Tenri ta matso a hankali. Ba danne-dannen banza ba ne. A ƙarƙashin layin Ambo Tuwo akwai rubutu kusan rabin shafi, kuma idonta ya faɗa kan kalma ɗaya a tsakiya: sunanta.

Kafin ta karanta abin da ke gefensa tsohuwa ta miƙa hannu ga maɓallin kashewa.

"Indo, tsaya. Don Allah tsaya."

"Ai ya riga ya karanta, 'yar nan," in ji tsohuwa, ta danna.

Allo ya yi baƙi. Tenri ta tsaya tana kallon fuskarta a cikinsa. Daeng Rewa ya leƙo daga tsakar gida ya ce ai kullum haka take, tun washegarin da aka kawo abin. Takan rubuta wa babansu labari, wata rana har azahar. Shi a zatonsa ɓarna kawai na'urar ke mantawa, rubutun kirki duk yana nan a ciki, ba aikin kwamfuta ke nan ba? Tenri ta hau lissafi a ranta. Safiya sittin da 'yan kai, matar da ba ta iya haɗa zance biyu da baki tana zuba abin da ya rage mata a kai, ita kuma da hannunta ta gina abin da zai shanye shi.

Ba ta ci abincin rana ba sai da aka matsa mata. Ta shimfiɗa kayan aikinta a tabarma ta fara gini na goma sha takwas. Ta yanki ɗan lungu a filashin, ta sa manhajar ta riƙa kwafe takardar a ɓoye duk bayan minti ɗaya, amma da safe ta buɗe ta yadda Ambo Tuwo ya bar ta, don kada tsohuwa ta ga rubutun jiya ta gane jiya ta wuce. Ta san leƙen wasiƙar miji da mata za ta yi. Ta ji kunyar hakan, ba ta fasa ba.

Washegari ta zauna a ƙarƙashin gida wajen taruna, tana jin ƙarar yatsa ɗaya ta saman katako, kamar ɗigar ruwa bayan an ɗauke sama. Da ƙarar ta tsaya, tsohuwa ta shiga ciki, sai ta hau ta zare filashin ta sa a tata kwamfutar. Layi biyar ne.

"Yau iskar gabas ce, ka rubuta. Yarinya mai gyara ta kwana a nan. Hannunta irin naka ne, ba ta da surutu. Na ba ta kan kifi, tunda Tenri ba ta nan. In ka gan ta a hanya ka ce ta zo gida, na gaji da duba matakala."

Tenri ta karanta har sau uku. Sannan ta mayar da filashin, ta ɗauki jakarta, ta sauka ta bayan gida, ta zagaya ta titi. Ta tsaya a gindin matakala, ta cire takalmi, ta yi sallama da ƙarfi yadda take yi tana yarinya in ta taso daga makaranta.

"Indo, Ambo ya ce kina nemana."

Tsohuwa ta fito bakin ƙofa tana kare rana da hannu. Ta daɗe tana kallonta.

"Sai yanzu?" ta ce. "Hawo mana. Kin yi latti, wata ta cinye miki kan kifinki."