Koren da Zuwaina Ta Je Nema

Duk wanda ya san Zuwaina matar marigayi Sulayyim ya san ba ta iya zama wuri ɗaya, amma a watan nan abin ya wuce misali. Ta ɗora tukunya ta manta, ta leƙa garke, ta dawo, ta sake leƙawa. Shekara biyu ba ruwan sama a garinsu Dukum da ke bakin teku, awakinta goma sha ɗaya har kwali suke ci. Ƙanenta Khalfan kuwa ya riga ya yi magana da mai mota, ranar Alhamis za a kwashe su zuwa kasuwar Sinaw.

"Yaya, ki sayar tun suna iya tsayuwa," in ji shi.

"Kai da ka sayar da raƙumin babanmu ka sayi kujerun da ba a zama a kai? Tashi ka ba ni wuri."

Abin da ta riƙe shi ne maganar da maƙwabciyarta Moza ta kawo wurin gahawar hantsi, Mozar nan da ba ta taɓa jin labari sai rabinsa. Wai kamfanin da ya kewaye bayan gari da waya, ya jera farantan sola da manyan fankoki, kore zai riƙa yi da ruwan teku. Koren haidirojin, har jirage za su zo ɗauka. Zuwaina ta ce a ranta, koren da zai cika jirgi ai ba zai rasa ragowar da akuya za ta ci ba.

Ranar Laraba ta ja mayafi sai ofishinsu. Aka kai ta gaban injiniya, wata Badriyya 'yar Maskat. Aka zuba gahawa, Zuwaina ta karɓi finjalin, ɗan ƙaramin kofin gahawa, ta ajiye ba ta kurɓa ba.

"Gwaggo, ya yi ɗaci ne? A kawo shayi?"

"Uwarki ba ta gaya miki ba? Baƙo in ya ajiye finjali, buƙata ce ta kawo shi, ba ya sha sai an biya masa ita. Koren nan naku nake so a sam mini, ko da buhu ɗaya ne a rana, awakina yunwa za ta kashe su."

Badriyya ta danne dariya da ƙyar.

"Gwaggo, ai iska ce, ba ta da launi ma. Wutar rana muke sa wa ruwa ya rabu biyu, mu tara ɗaya a tanki. Don ba ya hayaƙi ake ce masa kore."

"To wane maƙaryaci ya raɗa masa suna?"

Zuwaina ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa, gobe Alhamis tana yi mata yawo a ka. Gahawar na nan tana hucewa, Badriyya kuma ta kasa ɗauke ido daga kai. Can ta ce wa Zuwaina ta biyo ta.

A ƙarƙashin farantan, inda ruwan wanke su ke ɗiga cikin inuwa, ciyawa ce layi-layi har idon sawu. Zuwaina ta durƙusa ta tsinka ta sansana.

"Damunmu take, in ta bushe gobara muke tsoro," in ji Badriyya. "Amma da tumaki ne, da sai su shigo su ci. Akuya hawa farantai take, ta kuma ci wayar wuta."

"Nawa masu tarbiyya ne."

"Gwaggo."

"To, ban da biyu."

Suka daidaita a kan lauje: ta shigo da safe ta yanka, awaki su tsaya bayan waya. Da suka koma ofis Zuwaina ta shanye gahawar da sanyinta, ta kaɗa finjalin alamar ta ishe ta.

Ciyawar ba za ta riƙe sha ɗaya ba, ita ma ta sani. Da motar ta zo Alhamis ta nuna wa Khalfan biyun nan marasa kunya, ta ce ya ɗauka, ya kuma sayo mata dutsen wasa lauje a hanyarsa ta dawowa.