Magagarin Vernon

Tun da Vernon Pruska ya shigo cibiyar koyon aikin inji ta birnin Toledo ya kasa tsayawa wuri guda. Ya sa hannu a aljihu, ya fitar, ya leƙa gilashin injin, ya dawo. Shekara ashirin da takwas yana gyara ƙarfe da hannunsa kafin a rufe kamfaninsu, yanzu kuma wai a kulle ƙarfen cikin akwati, mutum ya tsaya waje yana danna lambobi kamar mai buga waya. Kai, duniya!

Yau ce jarrabawa. Kowa zai sa injin ya yanka sanduna biyar masu kauri ɗaya. Ga wakilin wata masana'anta can zaune yana kurɓar kofi, mutum huɗu kacal zai ɗauka aiki cikin su goma sha biyu.

"Baba Vernon, za ka cinye mana siminti da zirga-zirgar nan," in ji Marisela, malamarsu.

"Ke dai bar ni, 'yar nan. Injin da ba ya bari a taɓa shi, ta ina zan gane kansa?"

Da sandunan suka fito, shafa ɗaya ya yi musu da babban yatsa, ya gane. Sun ɗara kaurin da ake so da kamar silin gashi. Ya san abin da aka koya musu: a rage lamba a allon injin, a sake yanka. Amma tsoron allon nan yake ji, makon jiya ma da ya danna ba daidai ba wuƙar injin ce ta karye. Sai ya juya baya, ya zaro ɗan magagarinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hannun kuwa bai manta komai ba.

Marisela ta auna, duka biyar cif-cif. Ta kai su kusa da fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, danna mana ya fitar da na shida."

Ya danna. Zufa ta karyo masa. Na shidan ya fito da kaurinsa yadda injin ya saba.

"Dubu biyar masana'antar ke so a mako," ta ce a hankali. "Duka za ka bi da magagari?"

Kunya ta rufe shi.

Wakilin ya taso, ya ɗauki sanda ɗaya cikin biyar ɗin, yana jujjuya ta.

"Wallahi rabona da ganin hannu irin wannan tun mahaifina yana raye. Dattijo, ka bar mini wannan?"

"Ɗauka," in ji Vernon.

Mutumin ya jefa ta aljihu, ya yi godiya har sau biyu, ya wuce zuwa injin gaba bai ko tambayi sunansa ba.