Ranar da Duna Ya Ƙi Sa Hannu

Jiya bayan azahar, da tuwon dawa ya bi jikinsa, Baba Tanimu maharbi ya yi wani mafarki a gindin darbejiya. Da safiyar ranar ne likitan dabbobi ya shaida masa cewa wani nama ya kumbura a ƙarƙashin mafitsarar tsohon karensa Duna, ya toshe hanyar fitsari, sai an yi masa aiki an kuma fiɗiye shi. Ya ba shi takardar da zai sa hannu in ya amince. Baba Tanimu ya ce Allah ya kiyaye, karen farauta ba bunsurun kiwo ba ne.

A mafarkin ga shi a wani asibiti. Ruwan sama na tashi daga ƙasa zuwa gajimare, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Wata akuya mai tabarau ta karɓi katinsa, ta karanta, ta cinye.

"An yi maka rajista," in ji ta.

Sai ga shi kwance kan tebur, mara ta cika tam, ɗigo ɗaya ya ƙi fita. Likitan wani jaki ne mai ladabi, yana wanke kofato.

"Baba, aikin ba wuya, amma sai maigidanka ya sa hannu."

Maigidan ya shigo. Duna ne, da babbar riga, yana tauna goro.

"Duna, don Allah dangwala musu," in ji Baba Tanimu.

Duna ya duba takardar a juye. "Me 'yan'uwana za su ce da ni? Mutum kamar wannan a yanka shi? A jiƙa masa sassaƙe."

"Na sha sassaƙen."

"Ni dai ban ji ya yi ƙorafi ba."

"Ƙorafin nake yi yanzu."

Jakin ya rusuna wa Duna. "Ranka ya daɗe, haushi kawai yake yi. Haka suke in sun tsufa."

Nan tsoro ya kama Baba Tanimu sosai, don ya gane duk abin da ya faɗa, a kunnensu haushin kare ne.

Ƙarar kwanon sha da aka ture ce ta tashe shi. Duna ne jikin katanga, ƙafa ɗaya a sama, jikinsa na ɓari, babu abin da ke fita. Ko kuka ba ya yi. Kunya ta rufe tsohon. Ya kira matarsa.

"Larai, ina takardar nan ta likita?"

"Wadda ka ce in hura wuta da ita?"

"Ita."

"Tana ƙarƙashin tabarmarka, Malam. Ai na san ka."