Aikin Nesa

Shekarar da taki ya gagari talaka, kamfanonin jirgin sama biyu suka nemi Mika'ilu, matuƙin jirgi ɗan wani ƙauyen Makoda. Ɗaya yana ƙasar Larabawa, albashinsa da tsoka. Ɗayan kuwa jigilar Kano da Legas yake yi. Ya zo gida ya tarar da mahaifinsa a gona, gero duk ya yi ja.

Ya ce, "Baba, aikin kusa zan karɓa, don in riƙa leƙo ku."

Tsohon ya ajiye fartanya ya ce, "Muna son ganinka, amma dubi gonar nan. Ga ƙannenka a makaranta. Ka tafi ƙasar Larabawan."

Ran Mika'ilu bai so ba, amma bai yi musu ba. Bayan Sallah ya tafi.