Ƙarfe Biyu na Dare a Ɗakin Sanyin Kawu

Ni na haɗa abin da hannuna, don haka kada a ɗora wa kowa. Sunana Dela, ina koyar da lantarki a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, kuma tun ina ɗaliba nake da cutar wasa da ƙananan allunan nan masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Ka rubuta musu umarni a kwamfuta, ka ɗura musu, su yi ta bi ba gajiya ba gardama. Gidanmu mahauta ne kaka da kakanni, kuma kallon wasan yara suke yi wa abin nan nawa, har ranar da aka ce cinyar bijimi guda ta ɓace a ɗakin sanyin Kawu Ilyasu.

Kawu mutum ne mai zargi. In ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. Ɗakin sanyinsa yana bayan kasuwa, mukulli ɗaya gare shi, kuma shekara ashirin da shida mukullin yana rataye a wuyan Baba Mahamman da igiyar fata. Sau uku Baba yake buɗewa a rana: bakwai na safe a fitar da nama, bayan azahar a shigar da na mayanka, wajen shida a mayar da ragowa. Shi ya riƙa ɗora ni a kafaɗa ina ƙarama yana kai ni kallon shanun Meiganga ana sauke su daga mota. Cinyar nan har yau ba wanda ya san ko ta ɓace ne ko dama ba ta shiga ba, amma ta hana Kawu sakat.

Ya kira ni gida ya ce, "Malama, wasan nan naki zai iya gaya mini duk lokacin da aka buɗe ƙofa?"

Na ce, "Har da sanyin ɗakin zai gaya maka, Kawu."

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Karon farko ke nan da wani a gidanmu ya nemi abin hannuna.

Na tara kayana: ɗan maganaɗisu da zai ji motsin ƙofa, ma'aunin sanyi, ƙaramin gilashi mai nuna lamba, agogo mai ɗan batirinsa, da wani guntu da ake sa wa layin waya. Dabarar ita ce Kawu ya yi wa layin bif, wato ya kira ya katse, allon ya maido masa da saƙo mai jerin lokutan da aka buɗe ƙofa. Na rubuta umarnin tsaf, na zo ɗurawa, kwamfuta ta ce ba wuri. Ƙwaƙwalwar allon kilobait talatin da biyu ce kacal, ni kuma na dafa abin da ya fi tukunyar. Na rage kalmomi, na gajarta saƙonni, na cire duk wani ado, har yanzu ya ƙi shiga.

Akwai babban allo da zai ɗauke komai, amma sai an aiko daga Duwala. A shekarun nan kuwa, ƙunshi mai wayoyi da layin waya a ciki in ya kama hanyar arewa, jandarma za su buɗe shi a shinge, kuma mai shi zai sha tambayoyi har ya manta sunan uwarsa. Ban shirya wannan ba. Na jawo durowa na ɗauko wani ƙaramin allo irin na farko, na raba musu aiki. Na farko ya riƙe agogo da ma'aunin sanyi da gilashi. Na biyu ya riƙe ƙofa da waya. Na haɗa su da siraran wayoyi uku. Da sun farka, da kuma kowane sha biyun dare, na farko zai gaya wa na biyu ƙarfe nawa ne, daga nan na biyu ya ci gaba da ƙirga wa kansa.

Da farko na rubuta yadda na farko zai faɗi lokaci ya jira na biyu ya ce ya ji, in bai amsa ba ya maimaita. Wannan ɗan guntun ya sake cika na farko, ya haura da kaɗan. Na goge shi. Na gwada a kan teburina ya fi sau ashirin, kullum daidai. Na kai ɗakin sanyi na ɗaure su a bango cikin robar sabulu, na jona su a soket ɗaya.

Mako uku Kawu yana bif kowace magariba yana samun saƙo: bakwai, ɗaya, shida. Har ya fara gundura. Sai zafin Maris ya shigo, ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, aka fara raba wuta unguwa-unguwa. Wata Laraba ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini wayarsa ba ko gaisuwa. Layin farko na saƙon ya ce 02:04.

Akwai wasu layuka biyu a ƙasa, amma daga ni har shi ba wanda ya kalle su. Idonmu ya maƙale a kan biyun dare. Na ce ya bari mu gani tukuna. Ranar Asabar saƙo ya zo da 01:47, Talata kuma 02:20.

Cikin kwanakin nan na fara kallon Baba Mahamman da wani ido, kuma ina jin kunyar faɗa. Na tuna sunan jikarsa da aka yi watan baya, yadda nama ya wadata har maƙwabta suka tafi da ƙulli. Na lura ya yi sabon takalmi. In ya yi hamma da safe sai in ce a raina, to, wanda bai yi barci ba ke nan. Mutumin da na sani tun kafin in san hannun damana, cikin mako guda na mayar da duk motsinsa shaida.

Kawu bai iya yin abu a ɓoye ba. A bakin ɗakin sanyi ya tare shi, mahauta suna tsaye da wuƙaƙensu, masu saye suna jira. Ya karanto lokutan uku da ƙarfi. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ni da ƙarfe biyun dare ina ɗakina. Ka tambayi iyalina."

"Iyalinka za su ce me dama?"

Baba ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba. "Dela, abin nan naki yana kuskure?"

Idon kasuwa duka yana kaina, har da mutanen da suka shekara suna yi mini dariyar wasan yara. Na ce, "Agogo gare shi mai batirinsa, Baba. Ba ya kuskure."

Ya ɗan gyaɗa kai. Ya zare igiyar daga wuyansa ya ajiye a kan katakon sara, ya ɗauki butarsa ya tafi.

Kawu ya rataya mukullin a nasa wuyan, ya koma shi ke buɗewa. Kwana huɗu aka yi, saƙo ya sake zuwa da 02:11. Na ɗauka wannan zai sa ya yi tunani. Ina! Cewa ya yi, "Kin gani? Ya yanka wani mukullin." Ya sayi sabon kwaɗo. Ya fara zancen zuwa komisariya wajen 'yan sanda. Ya ce dole akwai mai karɓar naman, kuma idonsa ya sauka a kan Monique, wata mai sayar da kifin tafkin Maga da ke da firji a shagon da ke jikin namu. A kasuwa magana ta bazu. Mahautan da suka saba kiran Baba ya duba musu dabba kafin su saya suka daina. An ce a masallaci wani ya janye takalminsa daga kusa da nasa.

Monique ba ta da haƙurin Baba. Ranar da maganar ta kai kunnenta ta tare ni a hanya, hannunta duk ɓawon kifi.

"Madam Dela, tsaya. An ce kawunki ya ce ni ke sayen naman sata da dare. Ni? Ina fama da kifina yana ruɓewa? Talatar nan kwando guda na zubar, tun goman dare ba kuran, wuta ba ta dawo ba har aka kira asuba."

Na ce, "Wace Talata?"

"Wadda kuka kori tsohon nan washegarinta. Asabar ma haka, Larabar baya ma haka. Layin wutarmu ɗaya da ku, ai." Ta goge hannu a zaninta ta dube ni sama da ƙasa. "Wai ni kam, mashin ɗin nan naki me yake ci in ba kuran?"

Sai a lokacin na tuna. Batirin da na yi alfahari da shi na agogo ne kaɗai. Allunan kansu daga soket suke ci. Da ƙarfe biyun daren Talata a mace suke, ko ƙofar aka cire gaba ɗaya ba za su sani ba.

Na karɓi wayar Kawu na ce zan duba wani abu, na karanta saƙonnin har ƙasa a karon farko. Na Laraba: 02:04, 08:10, 12:50. Buɗewa uku, kamar kullum. Na ƙara wa kowanne awa biyar, suka koma bakwai, ɗaya, shida. An maido da wuta biyar na asuba, allo na biyu ya fara ƙirga daga sifili, a ganinsa sha biyun dare ne.

Na zauna a kan bokiti a bakin ɗakin har na gano sauran. Guntun wayar yana da nauyin tashi, sai ya ɗauki daƙiƙoƙi yana neman layi kafin allo na biyu ya saurari kowa. Saboda haka a teburina kullum shi nake fara kunnawa, hannuna ya saba har ban san ina yi ba. Ranar da na ɗaure su ma haka na yi, na soka wayar na biyu kafin ta na farko. Amma in wuta ta ɗauke ta dawo, tare suke farkawa. Na farko ya faɗi lokaci sau ɗaya, ba mai ji, ya ci gaba da harkarsa. Kamar mutum ya yi sallama a ƙofar gida bai jira an amsa ba ya shige. Guntun da zai sa ya jira shi ne na goge don in sami wuri.

Na kira Kawu bayan la'asar. Na ce ya tsaya ya gani. Na kashe soket, na kunna, na jira minti biyu, na ce ya buɗe ƙofa da hannunsa ya yi bif. Saƙo ya shigo: 00:02. Rana tana dukan ƙeyarsa. Ya kalli wayar, ya kalli ƙofar, ya kalle ni.

"Wato ba wanda ya buɗe."

"Ba wanda ya buɗe, Kawu. Laifina ne."

Na zaci zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi in ɗauko mayafina.

Mun sami Baba Mahamman a zaurensa yana gyaran ragar kaji. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya gaishe mu da Fulatanci da Hausa kamar ba abin da ya faru. Na yi bayani tun daga ƙwaƙwalwar da ta cika har zuwa sallamar da ba a jira amsarta ba. Kawu ya ciro igiyar fatar, da sabon mukulli a jiki, ya ajiye a gabansa.

"Ka yi haƙuri, Mahamman. Gobe a gaban kowa zan faɗa. Mashin ne ya ruɗe mu."

Baba ya dubi mukullin bai taɓa ba. "Ka faɗa ɗin, Alhaji, saboda 'ya'yana. Na yafe. Amma mashin bai san ni ba, mako shida ya yi a ɗakin. Kai shekara ashirin da shida ka yi." Ya tura igiyar da ɗan yatsa ta koma wajen Kawu. "Wuyana ya huta."

Sannan ya juyo gare ni, kuma na gwammace a ce ƙasa ta tsage.

"Ke kuma Dela, ban tambaye ki ko na yi sata ba. Wannan na san amsarsa. Tambayarki na yi ko abin yana kuskure. Da kin ce bari in duba, da ya ishe ni."

Kuka na yi, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, shi kuma ya koma kan ragarsa.

Kawu ya cika alkawari, ya faɗa a kasuwa, ya je har shagon Monique ya ba ta haƙuri, ta karɓa da harara. Ni kuma na cire gilashin nuna lamba don in sami wuri, na mayar da guntun da na goge. Yanzu na farko yana faɗin lokaci yana maimaitawa har sai na biyu ya amsa. Na gwada sau hamsin, ta soket ɗaya, ba kuskure ko ɗaya.

Allunan suna nan a bango cikin robar sabulu, suna aiki daidai. Kawu ya daina yi musu bif, tunda shi ke buɗe ƙofar da kansa, bakwai na safe, da ciwon gwiwarsa. Baba Mahamman ya koma duba wa mutane shanu a kara. In mun haɗu ina durƙusawa in gaishe shi, yana amsawa da kyau, yana tambayar makaranta. Da can Delalle yake kirana. Yanzu Malama yake cewa.