Ƙusar Malam Okwudili

Sai da Fiddausi ta iso ƙofar aji sannan ta lura hannunta wayam. Akwatin kayan gwajin da ta aro a kwaleji, a cikin Keke mai ƙafa uku ta baro shi a Tina Junction. Ga shi yau ne Dakta Mwadkon, mai horar da su aikin koyar da kimiyya, ya zo duba darasinta. In ya kayar da ita, sai ta maimaita shekara.

Yana zaune can baya, tsakanin yara saba'in.

"Malama, ina kayan aikin?"

"Yallaɓai... mai Keke ya tafi da su."

Yara suka kwashe da dariya.

"To shi zai zo ya koyar? Minti arba'in gare ki."

Ita fa ta roƙa a turo ta nan, tsohuwar makarantarsu ta Nasarawa Gwom, wadda ta shekara uku babu malamin kimiyya. Ta ɗaga kai don kada hawaye ya zubo, sai ta hango wata ƙusa a katakon rufi, ta yi tsatsa, ta lanƙwashe.

Ƙusar Malam Okwudili ce, tsohon malaminsu. Da dutse ya kafa ta, yana tsaye kan tebur cikin rigar sanyinsa mai huji a gwiwar hannu. Yakan ɗaure kwaɗon shagon matarsa da zare, ya rataya, ya sake shi yana lilo. "Fiddausi, ƙirga mana! Bakinki ba zai faɗi ba." A benci na biyu take zama, tana ƙirge cikin raɗa. Ya koma garinsu ya rasu can, ko sallama ba su yi ba.

Fiddausi 'yar tela ce, jakarta ba ta rabo da zare. Ta ɗaure makullanta, ta tuɓe takalmi, ta tattare hijabi ta hau tebur, ta rataya su a ƙusar.

"Ku ƙirga!" Ita kanta muryar ta ba ta mamaki.

Suka ƙirga lilo ashirin tana duba agogo. Ta gajarta zaren, lilon ya ƙara sauri, ajin ya kaure da ihu. Can baya, leɓen Dakta ma yana motsi.

Da aka buga ƙararrawa ya rufe littafinsa.

"Kin ci. Amma ki nemo wa kwaleji akwatinta." Ya dubi rufin. "Wa ya kafa wannan?"

"Malaminmu ne, yallaɓai."

Ta kwance makullanta. Zaren kuwa ta bar shi a rataye.