Toshe Talla a Gidan Malam Iliyasu

Ranar da Malam Iliyasu ya ga tallar wata mata ba sutura a kwamfutar gidansa da ke Kura, ya rantse in ya sake gani sai ya tsinke wayar intanet ɗin. Ɗansa Suhaibu ya toshe talla kaf tun daga na'urar da ke raba wa ɗakuna intanet, kamar yadda ake datse ruwa a bakin kanal.

Washegari Dalhatu, yayan Suhaibu kuma mai na'urar, ya faɗo a fusace. Tallar injin ban-ruwan da yake nema ta ɓace, ga tumatir yana bushewa.

"Buɗe min, ko in kwashe kayana!"

Suhaibu ya dubi ɗakin Malam, ya dubi yayansa.

"Yaya, ƙofar ɗaya ce. In injin ya shigo, matar tana bayansa."